Littafin Da Ya Kwana Gida Tara

Ni na saye shi, jaka ɗaya da rabi,
a teburin Nomau, bakin babbar kasuwa,
tsakanin kaye da bik da maganin ɓera.
A bango, yaro ne da karnuka biyu,
Ba-Ruwanka da ƙanwarsa Tsinke.
Dare guda na cinye shi.
Da safe ya bar hannuna,
bai komo Bagalam ba sai da aka cire gyaɗa.

Barmo tela ya fara ɗauka.
Ya ce, "Labarin kare? Ga ɗinkin sallah a gabana?"
Kwana uku kekensa bai yi tari ba.
Wandon da ya yanka a makon nan,
ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya.

Sai Tsahara mai ƙuli,
wadda ta bar lakwal tun aji biyar
amma haruffa ba su bar ta ba.
Shafi na sittin har yau warin mai yake.
Ita ba karnukan suka dame ta ba.
"Uwar yaron fa?
Ita ke rage tuwonta ta ba shi,
shi ya zagaya bayan danga ya ba su,
tana gani, ta kau da kai.
Layi nawa marubucin ya ba ta? Uku.
Na ƙirga."

Malam Jariri da yatsa biyu ya riƙe shi.
Ya ce, "Kare dai kare ne, ko an buga shi a takarda."
Ya miƙo. Bayan lisha ga ɗansa a ƙofa:
"Wai in ji Baba,
macen ta fito daga rijiyar?"

A fada, shayi ya ƙone sau biyu.
Shipkau ya ce yaron mugu ne,
ɗan kabu-kabu ya ce yunwa ce muguwa,
ba a ƙaura da baki biyu na ƙari.
Har aka tashi ba wanda ya sha.

Tsoho Mantau na Jiratawa ba ya karatu.
Jikansa ya karanta masa, gindin gawo.
Ba a yi nisa ba ya buga sanda:
"Ƙarya! Wa ke bin zomo iska na bayansa?
Wannan bai taɓa kwana a daji ba."
Aka ci gaba, yana tsaki,
har wurin da yaron ya tsaya bakin gulbi
yana jifan su don su koma,
Tsinke ta ɗauko dutsen a baki
ta aje masa a ƙafa.
Tsoho ya daɗe yana gyaran hularsa.
Ya ce, "Nan kam, wani ya faɗa masa."

Sauran gidajen ban san me ya faru ba.
Akwai shatin kofi. Akwai lambar waya.
Wani ya ja layi ƙarƙashin kalmar "jira".

Da ya dawo, shafin ƙarshe babu.
An yage shi, an liƙa fallen kaye da ƙaro,
rubutun fensir, na Laure ƴar maƙwabta:
"Suka bi sawunsa har Ɗan Isa,
suka same shi yana barci,
ba su tashe shi ba."

Na ɗauki takalmi zan je in yi faɗa.
A zaure na zauna.
Na tuna wani baƙin kare na unguwarmu,
da ni, ina shekara tara, da hannu mai saiti,
ba yunwa, ba ƙaura,
ba dalili.

Ban nemi shafin asali ba.
Akwai wata ramammiya da ke kwana bayan mahauta.
Jiya na aje mata ruwa a tsohon kwano.
Ba ta sha ba sai da na tafi.